Gwaggo a Sama, Tsoho a Ƙasa

Ɗan ƙaninta ne ya raba Gwaggo da mijinta. Shi ɗin nan da ake kira Injiniya, mai yawo da jakar kwamfuta a rungume kamar an ba shi riƙon jariri. Kada wani ya ce tsautsayi ne, kada kuma a ɗora wa masu wutar lantarki. Shi ne. Yaron da ta yi wa wanka da hannunta, ta share masa majina da bakin zaninta, shi ne ya girma ya tara gemu ya bar ta a hawa na shida, mijinta a bakin ƙofar gida, tsakaninsu matakalar da babu mai iya taka ta a cikinsu.

Ga yadda aka yi. Gidan dogo ne, ɗakuna bisa ɗakuna, kowa da ƙofarsa. Gwaggo da Tsoho suna can ƙarshe, daga su sai rufi. Tsoho a keken guragu yake tun da ƙugunsa ya karye. Ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ajiye aiki. Hawa takan lallaɓa kaɗan, sauka kam sai da jan gindi. Lifta ce ƙafarsu su biyun. Ran nan da hantsi Tsoho ya ce zai sauka aski. Ta tura shi ciki, ta gyara masa hula, ta ce kada ya tsaya surutu, wanda ba'a ce take yi masa, don mutum ne da sai ya yini bai ce komai ba in ban da “to” da “miƙo gishiri”. Ya sauka lafiya. Lifta ta juyo sama babu kowa a cikinta, tana dab da hawansu aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo, firji ya tashi, fanka ta tashi, talabijin ɗin maƙwabta ya ci gaba da ihu daga inda ya tsaya. Lifta ta ce ba da ita ba.

Maigadi ya kira mutanen kamfanin lifta. Suka zo suka shafa igiyoyin ƙarfe, suka ƙwanƙwasa inji, suka ce nasu ɓangaren lafiya lau, matsalar tana cikin akwatin da ke ba injin umarni, akwatin kuma ba su suka kafa ba. Aka tambaya wa ya kafa. Aka ce ɗan Gwaggo, Injiniya. Da ita aka yi alfaharin a lokacin, har tana tare mutane a matakala tana faɗa musu.

Maigadi ya samo majiya ƙarfi su ciccibi Tsoho da kekensa. Tsoho ya dubi matakalar ya ce likita ya hana a jijjiga shi. Ranar farko ta yarda. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin Maigadi, ita kuma ta ɗaure bokiti da igiyar shanya ta riƙa zura masa abinci ta taga.

Akwatin yana wani ɗan ɗaki a kan rufi, mai warin ƙura da kashin tantabara. Gwaggo ta hau can da kujerarta, tana nishi tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene, don ta ga abin da idonta. Da ta gan shi sai ta ji raini ya kama ta. Bai fi girman burodi ba. Ba fuska, ba madanni, sai wata 'yar fitila koriya tana ƙyafta ido kamar marar gaskiya. Injiniya ya yi mata bayani yana kwance kebul: wai akwatin baki gare shi a gefe, in an soka masa wannan kebul ɗin aka haɗa da kwamfuta, duk abin da yake yi yayin da yake farkawa zai faɗa a rubuce. Ta ce to ya tambaye shi me aka yi masa.

Ya kashe akwatin ya kunna. Rubutu ya fara zuba a baƙin allon kwamfutarsa, layi na korar layi, fari fat, kamar tururuwa sun ga sukari. Gwaggo ba ta karatu, amma ta san mai surutu in ta gan shi. Injiniya ya ce ga akwatin yana ƙirga abin da ke cikinsa, ga shi yana gaida sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ga shi ya gano inda ajiyarsa take. Sai rubutun ya tsaya cak, rabin allo. Wani ɗan ɗigo ya tsaya a ƙasa yana ƙyaftawa. Suka jira. Tantabara ta shigo ta dube su ta fita.

Ta ce, “Ya gama?”

Ya ce bai gama ba, ko rabi bai yi ba.

“To suma ya yi?”

Ya ce ba suma ba ne, ga fitila tana ci, ga ɗumi a jikinsa. Yana raye, magana ce dai ya daina.

Daga nan aka shiga wahala. Ya ce kebul ne. Ya kawo wani, shuɗi. Akwatin ya yi surutunsa ya tsaya a daidai wurin. Ya ce wataƙila a tsakiyar hanya akwatin yake canza saurin maganarsa, kwamfutar ta kasa bin sa; ya rage sauri, allon ya cika da wasu ƙugiyoyi da ƙananan akwatuna kamar kaza ta taka tawada; ya ƙara sauri, aka samu ƙugiyoyin da suka fi na farko muni. Ya aro kwamfutar abokinsa. Ya hura bakin akwatin, ya goge shi da auduga. Ya kira wani da suka yi makaranta tare, wancan ya tambaye shi ko ya gwada kashewa da kunnawa, Injiniya ya kashe wayar a kunnensa. Kowane tashi, akwatin sai ya kawo labarinsa tiryan-tiryan har wannan layin, sannan ya yi gum. Gwaggo ta kai ga gane layin da siffarsa, mai ɗan guntun wutsiya a ƙarshe. Tana ganin ya taho sai ta ce masa, “Kul, ka wuce nan.” Bai taɓa wucewa ba.

Ta tambayi abin da layin ke cewa. Ya ce gaisuwa ce kawai irin tasu, ba ta da muhimmanci. Ku riƙe wannan, don ranar da za a tsayar da shi a gaban mutane.

A ƙasa kuwa wani abu ne ke tafiya, bokiti ne ya fara kawo mata labarinsa. Da fari kwanukan sukan dawo a sharce. Sai suka fara dawowa da saura. Sai Maigadi ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce Baba ya ce a zuro masa matashin kansa. Ta zura. Kashegari rediyo. Sai reza, sai tabarau, sai bargo mai ratsi, sai hular nan da ba ya sa ta sai za a fita kunya. Ta tsaya ta dubi gefensa na gado, ta ga ashe mutumin nan ƙaura yake yi a bokiti, ita ce kuma take zura shi da hannunta.

Ta leƙa taga. Daga can sama ba a ganin komai sai tsakiyar huluna. Ga ta Tsoho a tsakiya, ga ta Maigadi, ga sanƙon mai facin taya na bakin titi, ga wasu da ba ta sani ba, sun kewaye wani kwali suna buga kati. Hular Tsoho sai juyawa take yi dama da hagu, hannunsa na tashi sama. Sai ta ji dariya ta hau bene shida ta same ta. Ta san dariyar. Rabonta da ita tun gashinsu na baƙi. Matar hawa na biyar ta ce mata ai Baba ya zama abin so a ƙasa: shi ke karɓar saƙon kowa, shi ke raba faɗan masu ajiye mota, jiya ma labarin aikinsa na jirgin ruwa ya ba su har mai faci ya manta da taya a cikin ruwa. Gwaggo ta ce wane jirgin ruwa. Ita a iya saninta sau ɗaya ya hau, ya yi amai.

Ta kira shi a waya ta ce ya bari a ɗauko shi. Ya ce likita. Ta ce likitan da ya mutu tun bara? Ya ce mutuwarsa ba ta soke maganarsa ba, kuma ta yi haƙuri, hannunsa ne a kati.

Ran nan ba ta hau rufi da ruwan sanyi ba kamar yadda ta saba kai wa yaron. Ta hau da sandar goge ƙasa, tana dogarawa. Ta ce masa in wannan abu bai yi magana ba kafin mutumin can ya aiko a zuro masa gado, to shi Injiniya ya nemi wata gwaggon. Ya rantse yana iya ƙoƙarinsa. Ya ce shi ma Baba ya ce masa kada ya takura kansa, aikin gaggawa ba ya kyau. Bai san ya yi ɓaranɓarama ba sai da ya ga yadda ta dube shi.

Ana cikin haka sai ga Shugaban mazauna gidan ya iso, yana haki kamar an biyo shi, riga ta manne masa a baya. Mutum ne da aka zaɓa don babu wanda ya zo taron sai shi. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce shi abin da ya kawo shi ɗaya ne: in an gyara, yana fatan allonsa ba zai taɓu ba. Allon da yake nufi wani ɗan siriri ne mai jan rubutu a cikin lifta, saman madannai, wanda ke wucewa da sanarwarsa dare da rana: a daina shanya a baranda, a daina jan kujera da sassafe, Shugaba yana gaishe ku.

Injiniya ya saki kebul. Ya dubi Shugaba, ya dubi layin nan mai wutsiya, ya kai hannu ya dafe kansa. Gwaggo ta san wannan dafe kan tun yana fasa mata kofuna.

Da ƙyar ta tatso maganar daga bakinsa. Ashe akwatin baki biyu gare shi. Bara, da Shugaba ya matsa sai an yi masa allo, Injiniya ya jona allon a baki na biyu, ya kwafo wani tsari da ya gani wani ya rubuta a intanet ya zuba wa akwatin, bai karanta har ƙarshe ba. A cikin tsarin akwai inda aka ce wa akwatin, da zarar ya rabi farkawa, ya kwashe duk maganarsa ya koma baki na biyu. Tun daga ranar ba a taɓa kashe shi ba, shi ya sa ba wanda ya sani. Layin da ya kira gaisuwa kuwa, cewa yake yi: na bar nan, ku same ni a can.

Ta ce, “Sau nawa ya faɗa maka?”

Ya ce duk tashi.

“Wato ba shiru ya yi ba. Wani wuri ya kai bakinsa.” Ta juya ta dubi ƙasa, wajen da Tsoho yake, ta yi ƙwafa. “Cutar ta cika gidan nan.”

Maganin a fili yake, in ji shi: a cire allon daga baki na biyu a soka kwamfuta. Suka juya akwatin. A kan baki na biyu akwai farantin ƙarfe, an yi masa walda ta kowane gefe. Shugaba ya gyara tsayuwa ya ce shi ya sa a yi, saboda yana da maƙiya a hawa na uku da za su iya canza masa sanarwa. Mai waldan kuma ya tafi garinsu. In aka sa wuta a yanke, in ji Injiniya, akwatin zai narke. Saboda haka duk abin da akwatin ke faɗa yana can a cikin lifta, lifta kuma a rufe take tsakanin hawa biyu, ba za ta buɗe ba sai akwatin ya gama farkawa. Shugaba ya ce to a kafa kwamiti. Gwaggo ta miƙa wa yaron sandar goge ƙasa ta ce ya wuce gaba.

Suka ɓalle ƙofar lifta ta hawansu da wani makulli mai kusurwa uku. Ga rufin lifta nan ƙasa kaɗan da ƙafarsu, baƙi ƙirin da maiƙo, da bawon lemo da wani takalmin yaro ƙafa ɗaya. Injiniya ya ce shi fa tsoron rami yake yi. Ta ce da ya tuna da haka bara. Ya sauka ya kwanta rub da ciki, ya ɗaga murfin da ke tsakiyar rufin. Ta cire ɗankwalinta, abin da ba ta taɓa yi a gaban Shugaba ba, aka ɗaure wayarsa a bakin sandar, ya zura ciki ya ɗauko hoton allon.

Jan rubutu na ta wucewa a cikin duhu, ba sanarwar shanya ba. Tambaya ce. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya fassara musu da ƙaramar murya. Wai akwai wani ɗan batir kamar anini a cikin akwatin da ke riƙe masa kwanan wata, ya mutu. Da wuta ta dawo sai akwatin ya farka yana ganin yau wata rana ce can baya, tun ba a haƙa harsashin gidan ba. Ya duba ajiyarsa kuma ya ga shaidar cewa ya yi aiki a ranar da ba ta zo ba tukuna. Abin ya ɗaure masa kai. Shi ne yake tambaya: a ci gaba a haka? Yana jiran a ce masa e.

Tun ranar askin yake tambayar ɗaki marar kowa. Duk kashewa da kunnawar da aka yi masa, sai ya sake farkawa ya sake ruɗewa ya sake tambaya, da ladabi, a inda shi Injiniya ya aike shi.

Gwaggo ta ce a ce masa e mana. Ya ce madannan cikin lifta ne kaɗai ke jone da wannan bakin, kuma bai san wanne ne e ba. Ta ce ya danna duka. Ya kwance wayar, ya zura sandar yana lalube. Ya danna na ɗaya, shiru. Na huɗu, shiru. Ya danna ƙararrawa, gidan ya ɗauka, wani kare ya amsa daga hawa na biyu. Shugaba ya fara cewa a rubuta wanda aka riga aka danna. Sandar ta zame ta faɗa kan madannin rufe ƙofa.

Fitilar ciki ta kawo. Inji ya yi gyaran murya a kan rufi. Abin da Injiniya bai tuna ba, a cikin abubuwan da bai tuna ba, shi ne in lifta ta farka, ƙasa take fara zuwa ta gane inda take. Ta tafi da shi a kwance a bayanta, yana kiran Gwaggo, muryarsa na ƙanƙancewa hawa bayan hawa. Gwaggo ta leƙa ramin ta ga yana raye, ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu. Ta koma ɗaki ta wanke fuska, ta sa zaninta mai kyau, ta ɗaura wani ɗankwalin. Da lifta ta dawo ta buɗe mata baki kamar ba abin da ya faru, ta shiga da kujerarta. Ta ramin murfin ta ga ido biyu da gemu. Ya ce don Allah ta tsaya a hawa na biyar a fitar da shi. Ta danna ƙasa.

Ƙofa ta buɗe a kan haske da hayaniyar titi. Ga Tsoho a bakin ƙofa, an yi masa aski, ya yi kumatu, an rataya masa wani usur a wuya. Mutanen kati suka miƙe suna gaishe ta, mai faci har da russunawa. Ta wuce su ta kama hannun keken ta ce, “Malam, an gyara. Mu je.”

Ya ja birki. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalle ta ba. Ya ce ya ji daɗi da aka gyara, don yanzu abinci zai riƙa isowa da zafinsa. Ya ce shi sama ta ishe shi, ya gaji da kallon tsakiyar kan mutane, nan fuskokinsu yake gani. Maigadi ya share masa ɗakin ajiyar fenti, har da taga. Zai riƙa hawowa yana gaishe ta, in ba aiki. In kuma tana so, akwai wurin katifa biyu, in aka fitar da tsani.

Duk wannan a numfashi ɗaya, daga mutumin “miƙo gishiri”.

Gwaggo ta saki keken. Ta koma ta dasa kujerarta a daidai bakin lifta, ƙafa biyu ciki, ƙafa biyu waje, ta zauna. Ƙofar ta taho ta taɓa ta ta koma, ta sake tahowa ta koma, ta fara kuka ɗin-ɗin. Matar hawa na biyar ta iso da buhun shinkafa, wani da tukunyar gas a kafaɗa, wata mai ciki, duk suka yi cirko-cirko. Shugaba ya ƙaraso ta matakala ya ce wannan ya saɓa wa doka. Daga saman kanta Injiniya ya ce Gwaggo maiƙo na shiga masa hanci.

Ta ce, “Ya shiga. Lafiyayyen miji na sa a cikin abin nan, mai shiru, mai cin abin da aka ba shi. Ku dubi abin da kuka mayar mini. Kai na sama da ka aika magana inda ba kowa, da kai Shugaba da ka sa aka yi walda, ba mai hawa ba mai sauka. Ku yi shawara tsakaninku, ɗayanku ya tsaya nan gabana ya faɗa mini wa zai amsa wannan. Ina zaune.”